Wai talauci ne kawai ya sa yaran ƙauyukan Ayalan ke ƙera kayan wasansu?

Baffa Sani: Jiya wani ya ce min yaran karkarar Ayalan na da ba basira ba ce ta sa suke ƙera kayan wasa, babu ce kawai. Ni dai ban yarda ba sam.

Maman Ilham: To ai gaskiya ya faɗa Baffa. Da iyayen na da kuɗi da a shago za su saya.

Baffa Sani: Haba Maman Ilham. Tsakanin 1937 da 1939 hukumar tattara al'adun gargajiya ta ƙasar ta sa yara sama da 50,000 a makarantun firamare wajen 5,000 suka rubuta abin da suka gani da wanda suka ji wurin tsofaffi, har da kayan wasa, yanzu haka rubutun yana intanet a wani shafi mai suna Dúchas. Ɗauki bindigar wasa: yaro zai yanko reshen wani itace mai laushin ciki, ya zaƙule cikin, ya fiƙe sanda daidai ramin, ya cusa jiƙaƙƙiyar takarda, yana turawa ta yi fau! In sandar ta yi siriri iska ta zurare, in ta yi kauri ta maƙale. Wannan ba lissafi ba ne?

Malam Habu: Lissafi ne, amma kar a manta yaran nan su ne masu tsintar dankali da kwasar ƙasar fadama da ake busarwa a yi makamashi, wasu har makaranta suke fashi saboda aikin gona. Kuma tarkon tsuntsu da na zomo da suke haɗawa ba duk wasa ba ne, wani tukunya yake shiga.

Maman Ilham: Yauwa Malam. Matan kuma 'yar tsana da tsumma, sai sarƙar furanni, shi ke nan.

Baffa Sani: Ba shi ke nan ba, suna wasan duwatsu biyar irin carafkenmu, ana kuma saƙa kacau-kacau da ciyawar fadama. Talauci ya hana su saye na yarda, amma bai koya wa kowa yadda ake fiƙe ƙwarƙwaron zare ya zama katantanwa ba, babba ne ke koya wa ƙanensa.

Malam Habu: Nan kam ina bayanka. Mu ma motar kara ba kowa ke iya ta ba, duk unguwa akwai gwani ɗaya da ake bi ana roƙo alhali duk babun ɗaya ce.

Maman Ilham: To ku ba ni amsa, da kayan roba suka cika shaguna da araha me ya hana jikokinsu ci gaba da ƙerawa?