Motsa jiki a tsakar gida da cin ɗanye zalla: wa ya taɓa haɗa su?

Mai ɗinki, Bukoki

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Mu huɗu a layinmu muka ƙulla alkawarin wata guda na motsa jiki a tsakar gidana bayan sallar asuba: tsallen igiya, tsugunna-tashi, pomp (a kifa ciki a riƙa ɗaga jiki da hannuwa) da abdo (motsa tsokar ciki). Kuɗin gidan motsa jiki ya fi ƙarfinmu, kuma ba wadda maigidanta zai bari ta tafi zagayen filin Seyni Kountché da duhun asuba. Su ukun abincin gida suke ci. Ni kuwa tun ƙarshen damina na bar duk abin da ya hau wuta, na bar nama da kifi da nono da ƙwai, sai ƴaƴan itace da ganye da ɗanyar gyaɗa. Kumburin cikin da ke damuna bayan tuwon dare ya tafi, jikina ya yi sakayau. Amma tun da muka soma tsallen nan, kafin hantsi ya ɗaga ƙafata ta kama rawa a kan keken ɗinki, zaren allura ma sai na yi ta lalube. Wanda ya taɓa haɗa biyun ya faɗa mini abin da ya gani a jikinsa. Na bidiyon Turawa na kalla har na gaji.

Malamin wasanni, Harobanda

Wa alaikumus salam Hajiya. Yunwa ce, ba wani abu ba. Na yi irin wannan cin a wani lokacin sanyi, ina kuma gudu da ɗalibai, abin da ya ba ni mamaki shi ne ciki ya cika taf amma jiki bai samu komi ba. Kankana kilo guda, ba ɓawo, kalori wajen 300 ne, don fiye da kashi 90 cikin ɗari ruwa ce. Tumatir kilo guda bai kai 200 ba. Macen da ke aiki tana kuma motsa jiki tana bukatar wajen 2000 a yini. Ki lissafa tiren salati nawa ke nan. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Abubuwan da suka riƙe ni su ne masu nauyi: dabino, wanda giram 100 nasa ya kusa kalori 280, sai gyaɗa da riɗi da kowannensu ya haura 550, sai aya da kwakwa. Zancen furotin ya fi wuya. Mai kilo 60 da ba ya komi yana bukatar giram 48 a yini, mai son tsoka ta ginu kuwa daga 70 zuwa sama. Giram 100 na gyaɗa na ba da wajen 25, riɗi wajen 18, ayaba guda kuma ɗaya da ɗan abu. Ɗanyar gyaɗa idan ta yi yawa tana zauna wa mutum a ciki, ni dai ban taɓa iya wuce cikin hannu biyu a zama ɗaya ba.

Shi kansa motsa jikin, ku rage. Kowace safiya ba hutu, wannan ba horon masu fara ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya minti 150 zuwa 300 ta ce a mako, da kwana biyu na aikin ƙarfafa tsoka. Ku yi pomp gwiwa a ƙasa tukuna, tsallen igiya kuma a kan yashi ko tabarma, ba kan siminti ba.

Hajiyar Tawa

Ƴata, ke kin fara a wane wata? Don mu nan Tawa wata shi ke yanke hukunci. Daga Disamba zuwa Fabrairu kasuwa cike take da kayan lambu, shu da karas da salati, tumatirin Dogarawa har ana roƙonka ka saya, albasar Galmi kuwa ba a magana. A lokacin na yi nawa, saboda gwiwa da nauyin jiki, kuma na ji daɗinsa. Da bazara ta shigo sai komi ya tsaya a mangwaro da kankana, tumatir ya zama na masu hali. Da damina kuma ganye ya yi yawa amma ban yarda in ci shi ɗanye ba.

Abin da ban ji kowa ya ambata ba shi ne gumba. Kakanninmu sun san cin ɗanye tun ba a haifi masu bidiyo ba. Ki surfa gero ki wanke shi tas, ki jiƙa shi da dare. Da safe ki tsane shi a kwando, ki zuba a turmi da ɗan citta da kanumfari, ki daka har ya soma haɗe jikinsa. Sai ki zuba dabinon da kika cire wa ƙwallo, ki ci gaba da daka har taɓarya ta riƙa ɗagowa da shi. Ba ya son sukari. Ki cura ƙanana. Curi biyu da ruwan tsamiya ko na garin kuka bayan kin gama tsallenki, za ki kai azahar ba ki tuna da abinci ba. Dakan ma ki sa shi cikin lissafin motsa jikin, ni hannuna a nan ya fi ƙarfi.

Kunun aya ma haka, aya da dabino da kwakwa, amma ki yi daidai wanda za ki shanye. Ba firigo, kafin la'asar ya yi tsami.

Ɗan jami'a, Gamkale

Ni a watan Afrilu na gwada, ku yi mini dariya. Masu wannan tsari sun ce kada zafin abinci ya wuce digiri 40 zuwa 48. Yamai a Afrilu inuwa ma tana haura 40, ke nan kankanar da na bari a ɗaki ta kusa fita daga shari'a da kanta.

Abin da ya kayar da ni gishiri ne. Ina pomp da tsallen kwaɗo a bayan ɗaki, zufa na zuba, ina ɗura ruwa da kankana, ba miya ba komi mai gishiri. Cikin dare sai sharaɓata ta ɗaure, na tashi ina ihu, abokin kwanana ya zaci kunama ce. Da na soma barbaɗa gishiri a kokombur da yalo abin ya yi sauƙi. Amma nauyina ya yi ta sauka, ni da nake neman ƙirji. Da na je gida hutu Inna ta dube ni sama da ƙasa, ba ta ce uffan ba, washegari sai ga wani tsoho an kira ya zo ya yi mini tofi. Yanzu safe da rana ɗanye nake ci, da dare kuwa dambu da kopto ko shinkafa da wake. Har yau ban koma nama ba, pomp ɗina kuma ya ƙaru.

Mai jinya, Talaje

Yaya mai ɗinki, ni ban yi cin ɗanye zalla ba, ƙanwata ce ta yi a gabana, kuma ni na kai ta awon jini. Abu uku nake so ki riƙe.

Bitamin B12 babu shi a tsiro, ko ɗanye ko dafaffe. Hanta tana ajiye na shekaru, shi ya sa mutum ke cewa lafiyarsa lau, sai daga baya ƙarancin jini da jin tafin ƙafa kamar ana tsira allura su bayyana, kuma lahanin jijiya ba kullum yake warkewa duka ba. Kada a ruɗe ki da sifirulin, koren garin nan da ake sayarwa don gina jiki. Tana da furotin, amma yawancin abin da ke cikinta mai kama da B12 jikin mutum ba ya amfana da shi. Ki je farmasi ki nemi ƙwayar B12. Ƙarfen jini ma na tsiro ba ya shiga jiki da sauƙi: ki haɗa da lemun tsami ko garin kuka, ki nisanta shayi da lokacin cin abinci.

Sai haila. A Jamus, jami'ar Giessen ta bi masu cin ɗanye na dogon lokaci, binciken ya fito a 1999, aka tarar kusan kashi 30 cikin ɗari na matan da ba su kai shekara 45 ba hailarsu ta rikice ko ta ɗauke gaba ɗaya. Abin da ya samu ƙanwata ke nan da ta haɗa da tsallen igiya. Jiki ne ke rufe wasu ƙofofi idan abin da ke shiga bai kai wanda ke fita ba. Mai ciki, mai shayarwa, mai sikila da yara, wannan tsarin ba nasu ba ne. Mai ciwon suga kuma kada ya rungumi dabino da mangwaro sai ya ga likitansa.

Na ukun wanki ne. Lambunan bakin kogi da na gefen magudanar ruwa, duk mun san da irin ruwan da ake ban wasu. Wuta ce ke kashe ƙwayar taifot da kwalara da ƙwan tsutsar ciki, ke kuma kin sallami wuta. Ba mu manta kwalarar 2021 ba. A wanke salati ganye-ganye, a jiƙa shi kamar minti 15 cikin ruwa mai ɗigon jabel marar ƙamshi ko farmanganat, sannan a ɗauraye da ruwan sha. Wake, rogo da dankalin turawa ba a cinsu ɗanye, rogo mai ɗaci har kisa yake. Gyaɗar da ta yi fumfuna ko ta yi ɗaci a zubar.

Mai ɗinki, Bukoki

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Hajiya, geron na jiƙa yanzu haka. Ƙanwata mai jinya, zancen hailar ya taɓa ni, don wannan watan ta yi jinkiri. Gobe zan je awo. To amma ba wanda ya dawwama a kai ne? Duk wanda ya yi magana ya sauka a hanya.

Akawu, Yantala

Ga ni, Hajiya. Na daɗe a kai kuma ina ɗaga nauyi a gida, bido mai lita 25 na ruwa shi ne ƙarfena, kilo 25 ke nan cif, in ina son sauƙi in rage ruwan. Ban yarda da cewa ba ya yiwuwa ba. Yana yiwuwa, sai dai aiki ne na biyu bayan aikin ofis. Ƙwayar B12 ba na wasa da ita, awon jini kuma ina yi a kai a kai, a nan ni da mai jinya bakinmu ɗaya.

Kafin in fara da asuba dabino uku da ruwa kawai. Da na gama sai markaɗen ayaba da jiƙaƙƙen riɗi da gyaɗa da garin kuka. Da rana babban kwano na shu da karas da tattasai da albasa da avoka, miyarsa riɗi da lemun tsami da tafarnuwa. Ina ci sau biyar ko shida a yini, in ba haka ba wando ya soma zamewa. Wanda ke tunanin wannan cin na talaka ne bai je kasuwar Jemaje ya tambayi kuɗin avoka da abarba ba, musamman tun da aka rufe iyakar Benin a 2023. Tukunyar shinkafa da wake da za ta ciyar da gida guda ta fi kwanona na rana araha. Ga ɗaukewar wuta: ka zuba komi a injin markaɗe, fit, sai ka koma turmi.

Tsiron hatsi da masu bidiyo ke yabo na daina. A zafinmu kwana biyu ya isa ya yi yauƙi da wari. A Jamus ma, da sanyinsu da tsabtarsu, tsiron hulba ne ya jawo annobar gudawa ta 2011 da ta kashe mutum wajen 50.

Kuma in faɗi gaskiya, ƙanena da ke cin wake dafaffe da awara ya riga ni yin tsoka, alhali tare muka fara. Ni sauƙin jikin nake so, shi ya sa na zauna.

Dattijo, Lazare

Ƴaƴana, ku bar ni in sa baki ko da gwiwata ba ta tsalle. Ɗiyata ta yi wannan a gidan miji. Wahalar ba a cikinta ta tsaya ba. Uwar mijinta ta aiko da tuwo da miyar kuka an mayar, aka yi suna a dangi ta zauna da ayabarta a jaka, ranar Layya kuma ta ƙi ko tsokar hanta. Sai da na taka da kaina na ba da haƙuri. Wanda ya bar nama don lafiyarsa bai yi laifi ba, muddin bai ce haram ne ba, bai kuma yi wa masu ci kallon marasa wayo ba. Amma ki sanar da manya tun da wuri, da bakinki, kada su ji a bakin kwano. In an kawo miki abinci ki karɓa da hannu biyu ki yi godiya, yaran gida za su cinye.

Malamin wasanni, Harobanda

Baba ya gama wannan. Hajiya, kafin sakamakon awon ya fito ki ajiye igiyar, ki tsaya a tafiya da miƙe jiki. In likita ya ce ba komi, ki koma kwana uku a mako, minti 20, kuma kada ki fara da ciki wayam. Ki hau sikeli sau ɗaya a mako, rana ɗaya, kafin karin kumallo. In nauyi na sauka kuma adadin tsugunna-tashin da kike iyawa na raguwa, abincin bai kai ba, ki ƙara gumba da riɗi, ko ki yi irin na ɗan jami'a ki sa wake dafaffe da dare. Ranar da hazo ya rufe gari kuma ku shige ɗaki ku yi, ƙurar ba ta da kyau ga ƙirji.

Hajiyar Tawa

Na manta ban ce ba, ruwan da kika jiƙa geron ki zubar, ki sake ɗauraye shi da ruwan sha kafin daka. Kuma ki nemi dabino busasshe irin na Agadas, mai laushin nan na kwali yana sa gumbar ta caɓe a turmi.