Baffanmu ya faɗi a shago, ana so a buɗe gawarsa. Akwai wata hanya?

Salamu alaikum 'yan uwa. Daga Anguwan Rogo nake rubutu, a Jos. Jiya bayan la'asar ƙanin mahaifinmu ya dafe ƙirji a shagonsa, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Shekararsa 54. Wasu a dangi sun fara maganar wai guba aka ba shi, har zance ya kai ga 'yan sanda, yanzu ana batun tiyatar gawa. Hajiya kakarmu ta ce ba za a yanka mata ɗa ba. Yayana da ke Ingila ya ce a can ana zuba wani ruwa a jijiyar mamaci a ɗauki hoton zuciya ba sai an fede shi ba. Gaskiya ne? Zai wadatar?

Likitan hoto, Abuja:
Allah ya jiƙan Baffa. Gaskiya ne ƙanwata. Tunda zuciya ta tsaya, jini ba ya gudana, sai a yi ɗan tsagi a wuya ko a matsematsi, a zura siririn bututu, a tura ruwan da ke haske a na'urar CT, mai ɗaukar hoton cikin jiki. Inda jijiyar zuciya ta ƙuntace ko ta toshe, ruwan ba zai wuce yadda ya kamata ba, hoto ya nuna wurin. A Suwizalan, a Lozan, ruwa mai mai suke turawa da famfo ta cinya ya zagaye jiki duka. A Lesta ta Ingila kuwa jijiyoyin zuciya kaɗai suke nufa, ta wuya, sun kuma wallafa sakamakonsu a mujallar Lancet a 2017. Musulmi da Yahudawan can na cikin waɗanda suka fi neman wannan hanya, saboda irin damuwar Hajiya.

Amma ga inda gizo ke saƙa: hoton ba ya ganin guba. Kuma mutum na iya yawo shekaru da ƙuntatacciyar jijiya wani abu dabam ya kashe shi. Ku zancenku na guba ne, to jini da fitsari da ruwan ido za a ɗiba a gwada, kuma tun kafin a zuba komai a jijiya.

Maman biyu:
Ku dai lallashi Hajiya. Mu an bar irin wannan zargi ba bincike, har yau gida biyu ba sa gaisawa.

Ma'aikacin ɗakin ajiye gawa:
Kada ku bari a daɗe. Gawa na fara canzawa iska ke taruwa a jijiyoyi, hoto ya rikice. Ku tafi da babban namiji guda ku zauna da likitan binciken gawar, ku tambaye shi ko ɗibar samfur da duba ƙirji kaɗai za su isa. Umarnin buɗe gawa na mai binciken mutuwa ne, wato jami'in da doka ta ba wannan iko, shi za ku roƙa a hanzarta saboda jana'iza.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. Na karanta wa Baba, shi da liman za su shiga wurin Hajiya bayan isha'i.