Aika gyara ta imel da Git: me ya sa umarni har uku?

Sani_K: Assalamu alaikum jama'a. Na gyara wata 'yar matsala a wata manhaja, sai masu kula da ita suka ce ta imel kaɗai suke karɓar gyara. A cikin umarnin Git (manhajar da ke adana tarihin gyare-gyaren da ake yi wa manhaja) na ga format-patch, na ga send-email, ga kuma am. Wanne zan fara? Sunan "am" ɗin ma ya ɗaure min kai.

Hadiza_B: Wa'alaikumus salam. `git format-patch -1` zai mayar da commit ɗinka na ƙarshe (wato gyaran da ka adana a Git) fayil mai kamar wasiƙa, da sunanka da bayaninka a ciki. Sai `git send-email` ya aika shi. `am` na mai karɓa ne, shi ke ɗauko gyaran daga akwatin saƙo ya shigar da shi. Haka masu Linux kernel (zuciyar tsarin kwamfuta na Linux) suke aiki har yau.

Malam_Isa: Ɗan'uwa, kar ka kwafa ka liƙa a Gmail na burauza. Zai lalata tab da tsawon layuka, gyaran ya ƙi shiga. A Ubuntu (wani nau'in Linux) sai ka saka manhajar git-email daban kafin send-email ya yi aiki. Fara aika wa kanka tukuna.

Sani_K: Na gode Malam, na gode Hadiza. Na gwada, ya iso lafiya. Amma sunan "am" ɗin nan har yanzu bai yi min ba.