Man shafawa mai haɗi uku: shi ne maganin kowane ciwon fata?

Hajiya Rabi: Salamu alaikum. Na faɗa jiya kuma ina nan a kan bakana: man nan mai haɗi uku na kemis, in yana gidanka ka gama da ciwon fata. Makero, ƙyasbi, ƙazuwa, kurajen zafi, duk da shi nake yi wa jikokina. A shafa da dare, kafin gari ya waye ƙaiƙayi ya kwanta. Me kuma ake nema a wurin magani?

Bashir: Wa alaikumus salam. Ina bayanki Hajiya. Kurajen aski sun dame ni, kwana uku na shafa suka baje.

Maman Ummi: Hajiya, ki yi haƙuri, ni abin da na gani daban ne. Ummi tana shekara huɗu wani zagaye ya fito mata a damtse, bai fi zobe ba, bakinsa ya ɗan tasa yana ɓarɓashi. Na shafa mata man nan, kwana biyu jan ya tafi, ta daina susa. Da na daina sai ya dawo, na sake shafawa. Haka muka yi ta yi kusan wata biyu. Ran nan ina yi mata wanka na juya ta, na ga abin ya haye kafaɗa ya gangara baya, zagayen ya ɓace, sai faci-faci, wurin ya yi fari fiye da sauran jikinta. Gabana ya faɗi. A asibiti sai da aka kankari fatar aka duba a madubin likita kafin a gane makero ne.

Hajiya Rabi: Allah sarki Ummi. Amma 'yata, anya ba jabu aka sayar miki ba?

Likita Hadiza: Hajiya, ko na ainihin ne haka zai yi. Ku ɗauko kwalin ku karanta ƙananan rubutun. Abu uku ne a ciki: maganin fangas, yawanci clotrimazole, maganin bakteriya, neomycin ko gentamicin, sai sitiroyid, betamethasone ko clobetasol. Na ukun nan shi ne yake burge ku. Aikinsa ya danne faɗan da garkuwar jiki take yi a cikin fata. Ja da kumburi da ƙaiƙayin da kike gani alamar faɗan ne. In aka danne su yaro zai samu barci, amma fangas ɗin da ke kawo makero ya samu fili, sai ya yi ta yaɗuwa ba mai tare shi, har kamanninsa su canza. Abin da ya faru da Ummi ke nan.

Malam Sani: Likita, shekarata goma sha biyar a bayan kanta, bari in yi magana. Ke da bakinki kin ce akwai clotrimazole a ciki. To ai shi ne maganin makero. Sitiroyid ya kwantar da ƙaiƙayi, clotrimazole ya kashe cuta, ina laifi? Kuma mutum nawa ne ke da halin ganin likitan fata saboda ƙurji ɗaya?

Likita Hadiza: Malam Sani, maganarka ta ƙarshe gaskiya ce, tana kuma damuna. Amma duba yadda mutane ke yi. Clotrimazole yana son safe da yamma, mako biyu zuwa huɗu, a zarce da shi ko bayan tabon ya ɓace. Sitiroyid kuwa a kwana biyu yake share alamu. Wa zai ci gaba da shafa magani a fatar da ta yi sumul? Sai a daina, fangas yana raye. Wanda kuma ya ci gaba wata da watanni, sitiroyid ɗin ne zai ci fatarsa: ta yi siriri, jijiyoyi su bayyana, nankarwa ta tsage cinya da hammata, kuma nankarwar nan ba ta gogewa. Clobetasol yana cikin mafi ƙarfi da ake da su, ko mu ba mu cika wuce mako biyu da shi ba. A Indiya, inda aka daɗe ana shafa irin wannan haɗin barkatai, wani makero ya ɓulla da sau da yawa ba ya jin terbinafine, wani maganin fangas. A 2020 aka sa masa suna Trichophyton indotineae, yanzu ya kai Turai da Amurka. Clotrimazole shi kaɗai yana nan a kantarka, shi za ka miƙa wa mai makero.

Malam Sani: In na miƙa, gobe ya dawo ya ce bai yi aiki ba, ya tafi wani wuri.

Maman Ummi: Malam, da an gaya min mako huɗu zai ɗauka, wallahi da na jira.

Bashir: Wato sitiroyid guba ne ke nan?

Likita Hadiza: A'a Bashir, kar ka ɗauka haka. Akwai yaran da fatarsu ke bushewa tana ƙaiƙayi a bayan gwiwa da lanƙwasar hannu, su yi ta susa har jini. Wannan shi ne ekzima ta ainihi, ba ta yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, kuma sitiroyid ne maganinta in ta tashi: mai sauƙi kamar hydrocortisone 1%, na 'yan kwanaki, tare da mai mai maiƙo kullum. Gwargwadon gaɓar farko ta yatsa ya isa wuri mai faɗin tafin hannu biyu. Matsalar, mutane da yawa ƙyasbi suke kira ekzima, alhali ƙyasbi fangas ne, sabulun ruwa mai ketoconazole ke maganinsa, kuma launin fata kan ɗauki watanni kafin ya daidaita. Kai kuma, kar ka ƙara kai man nan fuska. Shi kansa yana fito da kuraje.

Hajiya Rabi: Duk na ji. Amma jikokina biyar a ɗaki ɗaya, in dare ya yi ba mai runtsawa don susa. In ban shafa musu ba me zan yi? Duk wata sai na ƙarar da kwali biyu.

Likita Hadiza: Hajiya, tsaya. Su biyar duka? Ki duba min tsakanin yatsunsu, da wuyan hannu, da ƙugu, da cibiya. Ke fa, kina susa?

Hajiya Rabi: Nan ne kuwa. Ƙananan ƙuraje, wasu sun yi ruwa. Ni ma na fara tun watan jiya.

Likita Hadiza: Ban gan su da idona ba, amma wannan kamannin ƙazuwa ne sak. Wani ƙwaro ne da ido ba ya cika gani, macen tana haƙa rami a fata ta zuba ƙwai. A cikin abu ukun nan babu ko ɗaya da ke kashe shi. Mutane sama da miliyan 200 ke ɗauke da ƙazuwa a kowane lokaci, kuma a 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin cututtukan da aka yi wa sakaci. Maganinta permethrin 5%, ko benzyl benzoate: a shafe jiki duka daga wuya zuwa tafin ƙafa, har ƙarƙashin farce. Permethrin yana kwana a jiki, awa 8 zuwa 12, a maimaita bayan kwana 7. Kowa a gidan rana ɗaya, har wanda bai fara susa ba. Zannuwan gado da tufafi a wanke da ruwan zafi, abin da ba ya wankuwa a ƙulle a leda kwana uku. Ƙaiƙayin zai iya kai mako huɗu bayan ƙwaron ya mutu, kar ki ce magani bai ci ba. Waɗanda suka yi ruwa ko mugunya a nuna wa ma'aikacin lafiya, don ƙwayar bakteriyar da ke shiga ta wurin susa tana iya taɓa ƙodar yaro.

Malam Sani: A kan ƙazuwa ba ni da ja. Amma ƙaiƙayin da ya rage bayan magani, ai nan sitiroyid zai yi rana.

Likita Hadiza: Mai sauƙi, shi kaɗai, bayan an kashe ƙwaron. Na yarda.

Hajiya Rabi: Ni dai har yanzu ina cewa man nan ya ba ni barcin dare da yawa, ba zan yi masa butulci ba. Na ɗauko kwalin, jikata ta karanta min, clobetasol ne a jiki. Likita, ƙaramin cikinsu watansa bakwai, har a ƙarƙashin kunzugu nake shafa masa.

Likita Hadiza: Shi ki daina masa daga daren yau, Hajiya. Fatar jariri siririya ce, kunzugu kuma yana rufe maganin ya ƙara tura shi cikin jini. Gobe da safe ki kai shi asibiti, ki tafi da kwalin a hannunki, ki gaya musu tun yaushe kike shafawa.