Neman shawara: shafin intanet na ƙaramin otal a Nasarawa, Kano

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Mun mayar da gidan da mahaifinmu ya bar mana a unguwar Nasarawa ƙaramin otal mai ɗaki 12, kowane ɗaki da irin adonsa, har labulayen ma da shuɗin zane na marinar Ƙofar Mata muka ɗinka su. Yawancin baƙinmu direbobin tasi ne ke kawo su daga filin jirgin Malam Aminu Kano. Wani matashi ya ce zai gina mana shafi, amma na rasa abin da zan nema a wurinsa, ga fargabar kada kuɗin magada su salwanta.

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam, Hajiya. Kafin a shiga zancen launi da ado, ki tabbatar an yi rajistar sunan shafin, wato adireshinsa mai ƙarewa da .ng ko .com.ng, da sunanki da imel ɗinki, kuma lambobin sirrin suna hannunki, domin duk shekara ake sabunta shi, kuma na ga wanda ya saɓa da mai gina masa shafi, ya wayi gari ko farashin ɗaki ba ya iya canjawa. WordPress, manhajar gina shafi, ya wadatar. Ranar da zai miƙa aikin, ki buɗe shafin a wayarki da data, ba a kwamfutarsa ba. In hotuna suka yi nauyin buɗewa, aiki bai ƙare ba.

Amsa ta biyu: Yaya, ni da nake yawan tafiya, abin da nake fara dubawa shi ne wuta da ruwa. A rubuta a fili ko sola ce ko janareta, da ƙarfe nawa ake kunna shi. A ɗauki hoton kowane ɗaki da rana, har da banɗaki da wurin ajiye mota. A ƙara Faransanci a kan Hausa da Turanci, saboda fataken Nijar da Chadi masu zuwa Kantin Kwari.

Amsa ta uku: Hajiya, Paystack ko Flutterwave, kamfanonin karɓar kuɗi ta intanet, za su karɓar miki kafin alƙalami, amma a sa madannin WhatsApp, don mutanenmu sun fi son su ji muryar mutum kafin su tura kuɗi. In kuma za ki shiga Booking.com, shafin kama ɗakin otal ta intanet, a haɗa kalandar kama ɗaki ta can da ta shafinki wuri ɗaya, kada a ba mutum biyu ɗaki ɗaya a makon Hawan Daushe.

Mai tambaya: Allah Ya saka da alheri. Gobe zan zauna da matashin, da maganar rajista zan fara.