Zaren ɗinkin rauni a fatar akuya, wanne ya fi saurin warkewa?

Maikiwo: Salam 'yan uwa, akuyata ce langa-langa ya tsarge mata cinya, likitan dabbobi ya ɗinke da wani zare shuɗi mai santsi kamar na kamun kifi yace in maido ta a cire, to maƙwabcina kuma yace tashi akuyar da zaren da yake narkewa da kansa aka ɗinke ba sai an koma ba. Dan Allah wanne ya fi? ko dai an yi min na arha ne

Baban Khalifa: Wa alaikumus salam. Ba na arha bane, nailon ne kuma a fata shi ya fi dacewa. Sili ɗaya ne ba tufka ba, datti da ƙwayoyin cuta basa samun wajen maƙalewa, jiki ma baya faɗa dashi sosai shi yasa bakin ciwon yake haɗewa ba kumburi. Na maƙwabcinka ina zaton katgot ne, da hanjin tumaki ko shanu ake yinsa, jiki yana ɗaukarsa baƙon abu sai wajen ya yi ja ya kumbura, kuma yana iya sakin ƙarfi tun fatar bata gama kamawa ba. Aikinsa na ciki ne, tsoka da makamantansu. Ka kaita a cire tsakanin kwana 10 zuwa 14, kar ka wuce don zaren zai fara cin fata.

Maman Ilham: Ni dai roƙona kar kowa ya ɗinke da zaren tela a gida wlh, yana shan ruwan ciwo ya ja datti ciki, na ga wadda aka yi wa haka wajen ya yi ruwa ƙuda suka sauka har tsutsa ta shiga abin tausayi. Ka ɗaure ta a busasshen waje ka riƙa dubawa safe da yamma, awaki suna tsinke zaren da haƙori.

Baban Khalifa: Gaskiya ne Hajiya. Sannan ka tambayi likitan ko ya yi mata allurar tetanus, ciwon nan da yake shiga ta rauni ya sandarar da jiki, awaki suna kamuwa. In kuma jar akuya ce irin ta Sakkwato da Maraɗi to fatar ma kuɗi ce, babban tabo yana karya mata farashi wajen 'yan fata.

Maikiwo: Ja ce kuwa. Na gode Allah ya saka da alheri, zancen allurar ne bamu yi ba gobe da safe zan kira shi insha Allah