Gyara Ko Gyaran Gangar Auzinawa?

Tsohon Akawu:
Salamu alaikum. Ga nawa, amsa-amon "ra" ne, kada wanda ya kauce.

Kalma guda ke damuna, 'yan uwa, wai ita gyara,
Tun SAP, shirin tattalin arzikin Babangida, a 1986 aka fara,
Aka ce mu tsuke aljihu, aka karya darajar naira,
Na yi ritaya, na yi furfura, har yau ba a gama gyara.

'Yar Zazzau:
Baba, Allah ya ja kwana, bari 'yarka ta ɗan ƙara,
Ni kalmar tallafi ce ta fi ƙarfin dabara,
Ran 29 ga Mayun 2023 aka cire na fetur, babu shawara,
Litar da ba ta kai 200 ba, sai ga 500 ta haura,
Can sai ga buhun shinkafa, mutum ɗari sun tsaya jira,
Shi ma sunansa tallafi! Baba, ina fassara?

Ɗan Canjin Wapa:
Malama, a yi adalci, kada fushi ya hana lura,
A da, man tallafin nan iyaka yake tsallakewa, mu ke asara,
Dala ma a lokacin farashi biyu, mai hanya ke ta tara,
Ya saya da arha a banki, ya kawo mana nan ya ƙara,
Yanzu kason jihohi ya ƙaru, can ya kamata ku tura,
Gyara kayanka dai bai zama sauke mu raba ba.

(Na kauce a ƙarshe, Baba a yafe, karin magana ba ta lanƙwasuwa.)

Mai Adaidaita:
Alhaji, kai kana inuwa, ni rana ke ta gasa ni gara-gara,
A 2015 na yi ihun canji har muryata ta shaƙe da ƙara,
Canjin da na sani yanzu, na fasinja ne, shi ma sai an jira,
Ganga aka kai wa Auzinawa, ta dawo babu fata, sai kara.

Tsohon Akawu:
Alhaji, tarar kaucewa baiti biyu ce, muna jira,
Ka faɗa mana watan da mudun gero zai ji labarin gyara.

Ɗan Canjin Wapa:
An kira Magariba, Baba. Bayan salla.